Wanda Ya Karɓe Ni

Shekara ashirin da shida ana biyana don in ƙi barci.
Abijan, bakin wani siton siminti,
kujera mai ƙafa uku, sanda, tocila, usur a wuya.
Na koya wa kunnena ya zama kare,
ya kuwa zama.

Yanzu na dawo Tawa, na gina ɗaki biyu,
na sayi katifa mai kauri irin ta ma'aikata,
ga ni a kanta ido biyu
ina ƙirga tarin akuyar maƙwabci.
Kyanwa ta taka kwano, in ce ɓarawo.
Iska ta taɓa sakata, in laluba sanda.
Me za a sata? Buhun gero da rabi.
To, je ka gaya wa kunne.

Ɗiyata Tsahara ta ja ni asibiti.
Lokotoron yarinya ce, Haulatu, sa'ar autata.
Na miƙa hannu ina jiran ƙwaya,
sai ta saka mini igiya biyu a kunne.
Baba Nomau, ta ce, maganinka ji ne, ba sha ba,
bayan lisha, rabin awa, ka kwanta ka saurara kurum.
Na ce yarinya, ai saurare ne ya kawo ni nan.

Daren farko, ruwan sama.
Ruwan wata ƙasa ne, kan ganye yake zuba,
ba guguwa a gabansa, ba ƙamshin ƙasa a bayansa.
Na kwana tunanin katangar gabas da ban yaɓe ba.
Dare na biyu, teku.
Haba! Tekun da ke rufe sawun mai tsallako katanga?
Na san shi, mun yi zaman doya da manja.
Na tashi zaune har kiran assalatu.
Akwai wani kuma, shuuu,
kamar rediyon da ya ɓatar da tasha.

Na mayar mata da igiyarta.
Ba ta ji haushi ba, ta ajiye biro ta ce,
a duk shekarun nan, yaushe barci ya taɓa yi maka daɗi?
Na yi shiru. Can na tuna.
Ƙarfe shida, in Agali ya zo karɓata.
Tun daga kwana nake jin takalminsa,
ɗaya yana ja, don ƙafar hagu ta taɓa karyewa.
Makullai na kaɗawa, ya dire butar shayi,
ya yi gyaran murya.
Kafin gawayinsa ya kama na tafi,
nan kan kwali, manyan motoci na wucewa ta kaina.

Bayan kwana uku jikana Sanusi ya shiga kasuwa da dare,
ya ba wani gardi jikka guda,
ya ɗauko zagayensa a cikin waya:
taku, taku, tsayawa,
kwaɗo da aka jijjiga a ji ko yana nan,
taku, tari,
shayi na zubowa daga sama cikin ɗan kofi.

Ban san sunan yaron ba, ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Yana da gaggawa,
kwaɗo na huɗu ma bai jijjiga shi sosai ba,
na so in aika a gaya masa.
Ran farko na bi shi zagaye tara.
Bayan mako, huɗu.
Wani daren har yanzu kare na tashi ya yi haushi,
sai in mayar da yaron farko, ya sake zagayawa.

Jiya Tsahara ta ce ta shigo ta zare mini igiyar,
wallahi ban sani ba.
Akuya ta yi tarinta, ba wanda ya ƙirga.
Sai da ladan ya yi kira na biyu na farka,
sandar ta faɗa bayan gado.
Bayana na ciwo, gobe na ɗauko ta.