Kwana Goma Sha Ɗaya

Kalanda biyu ke rataye a ɗakina a Hindawiyya,
ɗaya na bin wata, ɗaya na bin rana.
Jami'a ta ce shahadata sai ashirin ga Rajab.
Hukumar akantoci ta ce ƙofar rajista
za ta rufe ran Alhamis, sha biyun dare.
Na ɗauki biro, na haɗa su wuri guda,
na ɗebe wannan daga wancan:
kwana goma sha ɗaya.

Shekara huɗu ina koyon daidaita shafi da shafi,
abin da ya shigo, abin da ya fita.
Ba a taɓa ba ni lissafin da ya ƙi ni kamar wannan ba.

Rawan ta riga ta aika nata,
ita da ta gama tun zangon da ya wuce.
Ta ce, "Ki jira na gaba mana, wata shida ne kawai."
Kawai.
Wata shida dokokin haraji na tsiyayewa daga kaina
kamar ruwan Jidda a tankin da ya tsage.

Ustaz Mish'al na ofishin magatakarda
ya hura shayinsa, bai ɗago ba.
"Takardar wucin gadi? Sai shugaban sashe ya sa hannu."
Ina shugaban?
"Yana Ɗa'if. Gobe, in Allah ya so."
Na san wannan goben. Mun yi zaman aji ɗaya da ita.

Kuɗin rajista na cikin gwangwanin madara,
riyal a kan riyal, duk suna ƙanshin hayaƙi.
In suka mayar min da takarda
ban sani ba ko kuɗin zai biyo ta gida.

Da dare na samu Baba a bakin tukubarsa
yana juya tsire, Larabawa na layi suna kiran siriyya.
Na karanta masa matsalar tun daga farko.
Ya ce, "Hansatu, naman da ka sauke bai yi ba,
mai saye zai dawo maka da shi.
Wanda ka bari ya daɗe, gawayi ke ci."
Na ce, Baba, ai wannan ba amsa ba ce.
Ya ce, "Ni ban ce amsa ba ce. Miƙo min yajin nan."

Laraba da la'asar shugaba ya sauko daga dutse.
Layi ɗaya ya rubuta, aka buga hatimi a karkace:
ana sa ran za ta kammala.
Ana sa rai.
A darasinmu, abin da ake sa rai
ba a rubuta shi a matsayin kuɗin hannu.

Duk da haka, Alhamis, sha biyu saura kwata,
na ɗora takardar, na zube gwangwanin, na danna.
Allon ya yi shiru, sannan ya ce: ana dubawa.

Barci ya ƙi zuwa.
Na jawo littafin cinikin Baba mai tabon ƙuliƙuli,
na bi shi layi-layi har kiran assalatu.
Riyal bakwai sun ɓace ran Talata.
Da safe na tambaye shi.
Ya ce wani direba ne, zai kawo,
ya ce in rubuta kawai an biya.
Ban rubuta ba.