Tudu na Ashirin da Bakwai

Kwana tara muna bin bayan Nomau,
ni da na'ura mai ƙafa uku a kafaɗa,
Jaɓɓi da sandar awo, ja da fari,
tana lilo kamar tutar da ta rasa gari.

Daga Dange muka fara hawa.
Duwatsun nan ba su da tsini,
kansu a shafe, sai ka ce an sa wuƙa:
jan marmara a sama, farar ƙasa a gindi,
tsakani tsakuwa mai yaudarar takalmi.

Duk inda muka tsaya, in rubuta lamba.
Da dare, a hasken tocila,
in ɗaura lamba da 'yar'uwarta
har tudu ya kwanta a takarda,
zobe cikin zobe, kamar an yanka albasa.
Inda layuka suka matsu, nan gwiwa ta yi kuka.
Inda suka saki juna, nan muka dama fura.

Nomau ya leƙo. "Wanga mi na?"
Na ce, tudu na ashirin da bakwai.
Ya yi dariya har da tari.
"Sunanai Kwanta-Raƙumi.
Waccan hanya ta awaki ta, kak ka sa mutum.
Wagga ko, in ruwa ya sauka, ba ta nan."

Yaya ake zana hanyar da damina ke ara?
A makaranta ba a faɗa mana ba.

Rana ta takwas jarka ta bushe.
Jaɓɓi ya daina waƙa.
Tsohon bai ce uffan ba, ya ratse,
ya bi wata tsaga da na'ura ba ta gani ba,
ƙarƙashin kalgo ya kawar da falalen dutse.
Ruwa.
Bai fi cikin akushi ba, sanyi ƙalau,
ƙudan zuma sun yi masa rawani.

Muka sha. Na zaro fensir.
Ya dafa mini hannu, tafinsa kamar ɓawon gawo.
"Wanga kak ka rubuta shi.
In mota ta san shi, ya ƙare."

Yanzu taswirar na bango a Sakkwato,
kowane kwazazzabo da lambarsa,
har Kwanta-Raƙumi na sa, da ƙananan baƙaƙe.
Jiya shugabanmu ya kai yatsa
gabas da tudun, kan wani ɗan tabo.
"Wannan fa?"

Na ce, gumi ne, ranka ya daɗe.