Kilo Ukun Ƙarshe

Valparaíso gari ne da aka rataye a jikin tudu.
Gidana na sama, teku na ƙasa,
tsakaninmu matakala ɗari da sittin da biyu.
Na ƙirga su. Gwiwata ma ta ƙirga.

Bara kilo ashirin da ɗaya na sauke.
Na farkon sun tafi kamar baƙin da mota ke jira,
ko sallama ba su tsaya yi ba.
Wandona ya koma buhu,
Rosaura, matata, ta ɗauko ƙusa ta huda wa bel ɗina sabuwar ƙofa,
sai wata, sai kuma wata.

Yanzu saura uku.
Uku tak, sun share wuri sun zauna.

Duk Talata nakan shiga kantin maganin Don Evaristo,
in tuɓe takalmi, in ajiye makullai, har da agogo,
sai ka ce agogon ne ya ci burodi da tsakar dare.
Allurar ma'auni ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya.
Giram ɗari biyu.
Wani makon ko nauyin ƙwayar shinkafa babu.
Tsohon ya leƙo ta saman tabarau, ya mayar da kai kan jarida.

Na taɓa yin gaggawa, ban gaya wa kowa ba.
Kwana huɗu daga ruwan shayi sai ganyen latas.
Ranar ta biyar, a matakala ta casa'in,
gari ya juya, gidaje masu launi suka haɗe suka zama baƙi.
Na zauna dirshan.
Wani kare ya zo ya shinshina ni, ya wuce abinsa.

Likita Ondina ba ta yi faɗa ba, alƙalami ta ajiye.
Ta ce, "Baltasar, jikin da ke hawa tudun nan yau
ba shi ne na bara ba.
Ƙaramin inji, ƙaramin mai yake sha.
A inda kake, rubu'in kilo a mako ya isa,
rabi kuwa ka gode.
In ka matsa, daga tsokarka za a yanka,
kuma bashi ne, da ruwa ake biyansa."

Na sauko bakin ruwa ina ƙunƙuni.
A nan na tuna mahaifina, masunci.
A tsakiyar teku yakan buɗe wa inji wuta,
amma da ya hango gaɓa sai ya sassauta,
ya kashe,
ya bar kwale-kwalen ya sulala da kansa,
taku ɗaya, rabin taku,
har gefensa ya taɓa katako ba ƙara.
Yakan ce mai zuwa da gudu, da hanci yake gaida gaɓa.

To, sannu ba ta hana zuwa.
Daren jiya na ci gasasshen kifi da wake,
da ɓarin burodi, ban nemi gafarar kowa ba.
Na yi barci har ƙarfe bakwai.

Yau Talata. Ban cire agogon ba.
Giram ɗari uku, in ji allura.
Na sa takalmi, na fito,
ga matakala tana jirana.
Ɗaya. Biyu.
Rosaura na can sama tana shanya kaya,
ƙusar tana cikin aljihunta.