Agogo Uku a Ɗaki Ɗaya

Ɗakina a Zango taku huɗu ne da rabi.
Na liƙe bangonsa da kwalin ƙwai
don kada kukan kabu-kabu ya faɗa cikin waƙar mutane.
Na'urar ƙofa takwas gare ta:
shida na wayar tagulla, masu shan murya ɗanya
yadda ta fito daga maƙogwaro,
biyun ƙarshe ba sa jin komai sai lissafi,
ta wata siririyar igiya mai jan ido a baki kamar garwashi.

Baba Tanimun ya zo bayan la'asar,
gurmi a buhun shinkafa,
kaset ɗaya a aljihun gaba, wajen goro.
Jikansa Lawali na biye da fiyano a kafaɗa.

Ƙofar farko, bakin tsoho.
Ta biyu, cikin gurmi, ɗan nesa da tsirkiya.
Ta uku na ba rediyon kaset.
Fiyano ya bi ta bakwai da takwas,
ya shige ba tari, ba atishawa.

Aikina na mai ban ruwa ne a lambun Mirya:
buɗe nan, toshe can,
kada na albasa ya malale wa tumatir.
Sau biyu na tura tsoho layin yaro,
allura na tsalle inda ba kowa.
Sannan wani gunji ya taso daga ƙasa, zuuu,
kuran ya samu hanya biyu yana zagaye.
Na tara su duka a soket ɗaya, ya kwanta.

Sai ƙas. Ƙas. Ƙas-ƙas.
Kamar ana ɓarar gyaɗa a cikin kunnena.
Lawali ya ce waya ce. Ba waya ba ce.
Fiyano da agogonsa, na'ura da nata,
kowa na yanka daƙiƙa gida dubu arba'in da ɗoriya,
kowa na cewa shi ne liman.
Sahu ɗaya ba ya ɗaukar liman biyu.
Na danna, na ce wa na'ura, ke ki bi.
Gyaɗa ta ƙare.

Na tura kaset.
Shuuu, yayyafi a kan kwano,
sannan Cima.
Shekara goma sha tara rabonta da numfashi,
ga ta tana gyaran murya,
a bayanta wani zakara da aka daɗe da cinyewa yana cara.
Tsoho bai ɗaga kai ba.
Yatsunsa sun riga shi tafiya.

Amma robar rediyon ta saki.
Muryar na jan ƙafa,
ta sauka ƙasa da fiyano da kaurin silin gashi,
kuma kunne ba ya yafe silin gashi.
Lawali ya ce, a zuba ta a kwamfuta, minti biyar in miƙe ta.
Tsoho ya ce, da ranta ma ba a miƙe ta ba.

Na dubi ƙofofina.
Ɗazu na sasanta agogo biyu da yatsa ɗaya,
wannan na ukun ba shi da madanni.
Na ce, Lawali, sauko da fiyanonka.
Ya murɗa yana tsaki, kaɗan, kaɗan,
har lissafi ya durƙusa daidai inda take.
Ya kashe ƙwanƙwasar awo,
ya bi numfashin kakar
da bai sani ba sai a hoto ɗaya mai rabin fuska.

Sau ɗaya muka ɗauka.
Na adana ke nan kuran ya ɗauke, ana kiran magariba.
A duhu tsoho ya laluba kaset ɗinsa,
ya mayar wajen goro,
ya ce nawa ne.

Da safe na tarar da layi na huɗu ba fanko ba ne.
Makirfon da na manta a kunne bakin taga
ya kwashe tsakin Lawali,
da mai ga-ruwa yana ciniki a lungu,
da wani wuri, wajen baiti na uku,
inda tsoho ya ja majina ya ci gaba da kiɗa.

Lawali ya aiko a goge wannan.
Ina dai duban madannin.