Bashi a Cikin Bututu

Dare ya raba a Innsbruck,
dusar ƙanƙara ta lulluɓe Nordkette,
famfon zuƙe iska na ta munshari.
Notburga ta kurɓi gahawar da ta huce,
ta saki ayon ɗin argon cikin bututu.

Ya fito da giɓin ilektaron guda.
Ya ci karo da naitirojin,
ya fizge, ya wuce,
ba sallama, ba ciniki.
Bashi ya koma kan wanda aka bangaje.

Ba wanda ya gani.
Sai ma'aunin nauyi, shaidar da ba ta ƙiftawa:
tsini ya miƙe a ashirin da takwas,
arba'in ya sunkuya.

Ta rubuta lambar a bayan tikitin bas,
don littafin yana wurin Valentin,
shi kuwa ya mai da shi matashi.