Shirun Rami na Sha Shida

Tun asuba na rufe shago, na rataya allo: sai Litinin.
Burodi ya jira.
Shekara tara rabon garinmu da wannan gasa,
ga ta yau ta dawo gaɓar tekun Sikotlan
da tantuna, da kyamarori,
da harsunan da kunnena bai taɓa ɗanɗanawa ba.

Ni ce Morag, 'yar Torquil mai manjagara,
wanda ya shekara talatin da ɗaya cikin ramukan yashi
yana shafe sawun manyan duniya
kamar mai gyara shimfiɗar baƙo.
Sandar golf ba ta taɓa jin maganata ba,
ƙwallona kullum a ƙaya take kwana.
Amma kallo kam, gadon gidanmu ne.

Mazaunina na nan bayan igiya, rami na sha shida,
inda iska ke juya baki ba sallama.
Shayi a falas, kujerar naɗi,
da laimar da haƙarƙarinta biyu suka karye bara waccan.

Ba tafi ke kawo ni ba.
Shirun ne.
Mutum dubu goma, kowa da bakinsa,
mai tsaro ya ɗaga ɗan allo,
sai tari ya koma inda ya fito,
yaro ya dakata da tauna,
numfashi ya tsaya a ƙofar hanci,
ba mai motsi sai tsuntsun teku, marar kunya,
yana yi wa kowa dariya daga sama.
Ko a coci ban taɓa jin irin wannan shiru ba.

Ran Alhamis rana ta yi fara'a, kowa gwani.
Ran Juma'a ruwa ya sauko a karkace,
iska ta nuna wa kowa iyakarsa,
manyan sunaye suka riƙa zubowa daga allo
kamar ganyen kaka.

Lahadi da la'asar ga wani saurayi, Eilif,
siriri, kunnuwa jajur don sanyi,
ƙanwarsa ce ke saɓe da jakar sanduna.
Yana gaba da bugu ɗaya tal.
Ya ɗaga, ya sauke, ƙwallo ta tashi fara fat,
ta yi kamar za ta bi umarni,
sai iska ta raɗa mata wani zance,
ta faɗa ramin babana, mai zurfin kabari.

Ya gangara. Hularsa kaɗai muke hange.
Bugun farko: yashi ya tashi, ƙwallo ta zauna.
Wani nishi ya ratsa taron
kamar an taka cikin mutum guda.
Bugu na biyu ta fito,
ta gangara sannu, sannu, tana shawara,
ta zo bakin rami ta leƙa,
ta tsaya.
Faɗin ɗan yatsa.

A nan tulun azurfa ya suɓuce masa, kowa ya sani.
Wani ne ya sumbace shi da magariba,
sunansa na jarida, mai so ya duba.

Ni ga abin da na gani:
ƙanwar ta kai hannu ga manjagara,
ya ce mata bari.
Ya koma cikin ramin da ya cinye shi,
yana ja da baya, taki ɗaya ɗaya,
yana shafe sawunsa lungu-lungu,
har gefen da ba mai dubawa,
don wanda ke tafe a bayansa.
Haka babana yake yi, da baya da baya,
harshe a gefen baki.

Shayina ya huce ban sani ba.
Na ce wa ta kusa da ni ruwan sama ne a fuskata,
alhali an daɗe da ɗaukewa.

Litinin na buɗe shago, na kunna tanda.
Sun naɗe tantunansu, ciyawa na miƙe baya.
Akwai yashi a takalmina na hagu,
yana sukata duk inda na taka.
Ban kakkaɓe ba tukuna.