Telan Farko Bai Yi Dariya Ba

A Garwa na gan shi, shekara talatin da ɗoriya,
a silimar da yau ta koma rumbun siminti.
Ni da wana Sallau, bencin gaba, wuya a sanƙare,
soyayyar gyaɗa a aljihu, ba wanda ya tuna da ita.
Fim ne daga can kudancin Indiya.

Ba mu jin yarensu, kuma ba mai fassara.
Wani tela ne, siriri kamar allurarsa,
aka kawo masa kwat ya rage mata hannu,
ya tsinci takarda a aljihun ciki.
Rubutun ya fi ƙarfinmu, fuskarsa ce ta karanta mana:
sunan maƙwabcinsa ne, rana kuma jibi.
Ruwa na dukan kwano,
keke ya yi gudu, ya tsaya, ya sake tafiya.

Mai kwat ya dawo ya tokare bakin ƙofa,
bai ce uffan ba, almakashi kawai ya duba.
Sallau ya damƙe mini gwiwa,
shatin farcensa sai da ya kwana uku.
Tela ya haɗiye maganarsa, ya goge kwat, ya karɓi kuɗi,
da safe aka fito da makara daga gidan kusa.
Muka taho gida ta tsakiyar titi,
kowace inuwa sanye da kwat,
muna tafe muna waiwayen baya.

Shekaranjiya jikata Dudu ta shigo da wayarta:
"Kaka, fim ɗin nan da kake damunmu da shi,
mutanen Bombai sun sake shi, har an juya shi da Hausa."
Ta jingina wayar da butar shayi,
muka zauna a tabarma ɗaya.

Telan yanzu tumbi ne da shi kamar randa.
Takardar ma akuya ta cinye rabinta,
ya bi ta lungu-lungu da kwano yana jiran sauran.
Mai kwat kuwa mura ta hana shi sakat,
duk ya zaro wuƙa sai atishawa.
'Yan sanda bakwai a kan babur guda.
Wurin da aka yi shirun da ya tsinka mana hanji
'yan mata arba'in ne ke rawa cikin ruwan sama,
ba wadda ta jiƙe ko tsintsiyar hannu,
ba wanda ya san tsoro a wannan duniya.

Na ce an zuba sukari a miyar kuka.
Na ce da Sallau na nan da ya tashi ya fita.
Dudu ta ce, "To me ke girgiza maka kafaɗa?"
Na ce tari ne.
Wurin akuyar nan ne, kuma na yi ƙarya.

Abu ɗaya suka bari yadda yake.
Tela zai zura zare, hannu na ɓari,
ya kuskure, ya kuskure, ya lashi zaren, ya kuskure.
A da, mutum ɗari biyu muka riƙe numfashi tare.
Yanzu sun sa ganga a kowane kuskure,
Dudu ta kwanta tana dukan ƙasa,
ni kuwa hannuna ya kai kan gwiwa
yana laluben shatin mutumin
da ya riga mu gidan gaskiya.

Kafin ƙarshe cajin ya mutu, unguwa ba wuta.
Na san dai ba makara, biki za a yi.
Ta ce, "Kaka, tsakani da Allah, wanne ya fi?"
Na ce na farko, ko tantama babu.
Na ce, ki kai wayar shagon Hamajoda ya sa mata caji,
ga sefa ɗari, kada ki daɗe,
ina so in ga yadda aka ƙare da akuya.